Ibnul Haisam: Malamin Da Ya Yi Nazarin Haske A Ɗaki Mai Duhu

An haifi Abu Ali Alhasan Ibnul Haisam a birnin Basra da ke Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya. Ya yi zurfi a lissafi da ilimin taurari, har sunansa ya kai fadar Halifa Alhakim na daular Fatimiyya a Misira.

Marubuta tarihi sun ruwaito cewa ya yi iƙirarin zai iya daidaita ambaliyar Kogin Nilu, sai Halifan ya gayyace shi. Da ya isa kudancin Aswan ya ga girman kogin, ya tabbatar aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Alhakim kuwa ya shahara da saurin zartar da hukunci, don haka malamin ya yi haukan ƙarya domin ya tsira da ransa. Aka yi masa ɗaurin talala a gida har zuwa ƙarshen mulkin Halifan a 1021.

Ya rubuta Kitabul Manazir mai juzu'i 7. A ciki ya rushe ra'ayin wasu masanan Girka cewa ido ne ke fitar da haske. Ya nuna cewa haske daga abin da ake kallo yake tasowa, ya bi miƙaƙƙen layi ya shiga ido. Ya jarraba hakan da fitilu da ƙaramin rami a ɗaki mai duhu: duk fitilar da ya rufe, haskenta kaɗai ke ɓacewa a bango.

A wata maƙala kan husufin rana, ya bayyana cewa idan ramin ƙarami ne, surar rana kan fito a bango kamar jinjirin wata. Idan aka faɗaɗa shi, surar kan lalace ta koma siffar ramin. Wannan ne tushen darasin da mai koyon ɗaukar hoto ke buƙata, ko a Alƙahira yake ko a Bagudo da ke iyakar Najeriya da Binin. Girman ƙofar haske a kyamara yana ƙayyade yawan hasken da ke shiga da kuma yadda hoto zai fito tar. Faɗin filin da hoton zai ɗauka kuwa ya dogara ne ga nau'in gilashin kyamarar da girman farantin da hasken ke sauka a kansa.

Ya ƙare rayuwarsa kusa da Masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi domin samun abin masarufi, har ya rasu wajen 1040. An fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572, masanan Turai suka yi ta gini a kansa. A 2015, Hukumar UNESCO ta karrama shi a bikin Shekarar Haske ta Duniya.