Jean Rouch, Baturen da ya bi sawun zaki

Mu fataken Zangon Wagadugu mun san hanyar Birnin Konni. To, a kusa da garin ne hatsarin mota ya yi ajalin Jean Rouch ran 18 ga Fabrairu 2004, aka rufe shi a Yamai.

An haife shi a Faris a 1917. Ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Wajen shekara 7 ya yi yana bin maharban Gow a yankin Yatakala, inda iyakokin Nijar da Mali da ƙasarmu suka haɗu. Idan zaki ya addabi shanun Fulani, su ake kira su bi sawunsa da baka da kibiya mai dafi. Fim ɗin wannan farauta ya ci lambar yabo a Benis a 1965.

Yau zaki ya ƙaurace wa wancan daji. Binciken 2014 ya nuna kamar 400 kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma, akasarinsu a gandun W da Arli da Panjari. Masu bincike suna bin sawunsu don a kare su, amma rashin tsaro ya kori baƙin da kuɗinsu ke taimakon aikin.

Saboda haka 'yan'uwa, in an kawo mana fata ko kitsen zaki a kasuwa, kada mu saya. In babu mai saye, maharbi zai rataye bakansa.