Babe Ruth, telan da sandarsa ta fi gida tsada

A Arkilla ban taɓa ganin mai buga besbol ba, mu dai ƙwallon ƙafa ne sai dambe. Abin da ya ja ni ga wannan bawan Allah kuɗi ne: a 2004 an yi gwanjon wata sandarsa ta katako kan dala miliyan 1.26. Sanda fa, jama'a!

An haifi George Herman Ruth a Baltimore ta Amurka a 1895. Ƙiriniya ta yi masa yawa, yana shekara 7 iyayensa suka kai shi makarantar St. Mary's, inda ake horon kangararru da koyar da sana'a. Ɗinkin riga ya koya, ka ga kenan ɗan'uwanmu ne a karatun hannu. Can wani malami, Matthias, ya ɗora shi kan wasan.

Besbol ɗin, wani ke jefo ƙwallo, kai kuma ka make ta da sanda; in ta tsallake katangar fili ka ci babban maki. Ruth ya fara a Boston Red Sox a 1914 yana mai jifa, daga baya aka sayar da shi ga New York Yankees kan dala 100,000. Nan ya zama dodo. Sau 60 ya tsallakar da ƙwallo a 1927 kaɗai, sau 714 kafin ya yi ritaya a 1935. Waccan sandar ta gwanjo, da ita ya yi irin wannan bugu na farko a sabon filin Yankees a 1923.

Masu tara sandunan nan ba su saye da ka. Sai an duba littafin odar kamfanin Hillerich & Bradsby mai sassaƙa su, an gwada layin katakon da tsofaffin hotuna. Akwai wadda ya riƙa yi wa tsaga duk ya ci, tana gidan tarihin kamfanin a Louisville. Nan ne abin ke sosa mini rai. Mu ma muna da Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe har duniya ta san shi. Waƙar na nan a wayoyinmu. To zaren da yake ɗaure hannu da shi fa, wa ya adana?

Ƙarshen Ruth bai yi daɗi ba. Ya so a ba shi ragamar Yankees, aka hana, saboda shan giya da yawon dare da aka san shi da su. Sai ga ciwon daji a maƙogwaro. Ran 13 ga Yuni 1948 ya fito filin ban-kwana, ya rame, yana dogara sanda kamar tsoho. Sandar ma ba tasa ba ce, ta Bob Feller ce, ɗan ƙungiyar baƙi, aka miƙo masa don kada ya faɗi. Ya rasu ran 16 ga Agusta, yana da shekara 53.