James Oglethorpe: Baturen da ya haramta bauta a Jojiya, amma dokar ba ta yi ƙarko ba

A cikin yankuna 13 da Ingila ta mallaka a gaɓar Amurka ta Arewa kafin samun 'yanci, Jojiya ce ta ƙarshe da aka kafa. A shekarar 1735 aka yi mata dokar da ta sa ta fita daban, wato haramta shigo da bayi baƙar fata, alhali maƙwabciyarta Carolina ta Kudu na tara dukiya da guminsu. Wanda ya tsaya kai da fata a kan wannan doka shi ne James Edward Oglethorpe, soja kuma ɗan majalisar Ingila.

An haife shi a Landan ranar 22 ga Disamban 1696, a gidan masu hali. Ya shiga Jami'ar Oxford amma bai daɗe ba ya kama aikin soja, har ya yi yaƙi a ƙarƙashin Yarima Eugene na Savoy a kan dakarun Daular Usmaniyya a Belgrade a 1717. A 1722 ya shiga majalisa yana wakiltar mazaɓar Haslemere, kuma ya riƙe kujerar har 1754.

Mutuwar aboki a gidan yari

A Ingila ta wancan zamani, idan mutum ya kasa biyan bashi gidan yari ake kai shi, kuma ma'aikatan gidan na karɓar kuɗin ɗaki da na abinci daga hannunsa. Wani abokin Oglethorpe mai suna Robert Castell, marubuci a kan zanen gine-gine, ya faɗa cikin wannan hali a gidan yarin Fleet. Da ya kasa biyan abin da ake nema, sai aka mayar da shi wani gida da cutar agana ta ɓulla. Ya kamu, ya mutu.

Wannan ne ya sa Oglethorpe ya kai maganar gaban majalisa, kuma a 1729 aka ba shi shugabancin kwamitin binciken gidajen yari. Kwamitin ya bankaɗo cin hanci da azabtarwa da sayar da muƙamai. An gurfanar da shugaban gidan yarin Fleet, Thomas Bambridge, amma kotu ta wanke shi. Duk da haka an saki mutane da yawa da bashi ya ɗaure, sai dai sun fito ba aiki ba jari. Daga nan tunanin nema wa talakawan Ingila sabuwar ƙasa ya samo asali.

Wasiƙar Bafulatani

Kafin tafiyarsa Amurka, Oglethorpe yana cikin shugabannin kamfanin Royal African Company, wanda ya yi suna wajen cinikin bayi. A lokacin ne wata wasiƙa da Larabci ta shigo hannunsa. Ayuba Sulaiman Diallo ne ya rubuta wa mahaifinsa. Shi Bafulatani ne ɗan gidan malamai daga Bundu, a Senegal ta yau, wanda ya je sayar da bayi a bakin Kogin Gambiya aka kama shi, aka sayar da shi zuwa gonar taba a Maryland.

Oglethorpe ya sa aka fassara wasiƙar a Oxford, sannan ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin fansarsa. An kawo Ayuba Ingila a 1733, ya kuma koma gida a 1734. Shi kuwa Oglethorpe ya sayar da hannun jarinsa a kamfanin a ƙarshen 1732.

Kafa Savannah

A 1732 Sarki George na Biyu ya ba wa wasu amintattu 21 izinin kafa yankin, aka sa masa sunan sarkin. An hana su karɓar albashi ko mallakar fili a can. A Nuwamban shekarar Oglethorpe ya tashi a jirgin ruwa mai suna Anne da mutum 114, kuma a Fabrairun 1733 suka sauka inda birnin Savannah yake a yau. Ba 'yan gidan yari aka kwasa ba kamar yadda aka fi faɗa. An zaɓo masu sana'a ne da ƙananan 'yan kasuwa da jarinsu ya karye.

Wurin yana da masu shi, ƙabilar Yamacraw. Oglethorpe ya nemi yardar sarkinsu Tomochichi, inda wata mata mai suna Mary Musgrove ta yi musu tafinta. Amincin da ke tsakaninsu ya kai ga ya tafi da sarkin Landan a 1734, suka gana da Sarkin Ingila.

Tsarin shi ne a ba kowane magidanci eka 50, kuma ba wanda zai wuce eka 500 komai arzikinsa, don kada manyan gandaye su haɗiye ƙananan manoma. An so su yi noman itacen da tsutsar siliki ke ci. An haramta giyar rum tare da bauta. Da Yahudawa kusan 40 suka iso a 1733, ya bar su suka zauna duk da amintattun Landan ba su so ba, sai dai takardar kafa yankin ba ta ba 'yan Katolika 'yancin addini ba.

Me ya sa aka hana bauta?

Ba tausayi kaɗai ba ne. Sifaniyawa da ke riƙe da Florida suna yi wa duk bawan da ya gudo musu alkawarin 'yanci, don haka tara bayi a bakin iyaka haɗari ne ga tsaro. Amintattun sun kuma ji tsoron Turawan za su daina aiki da hannunsu. Hasali ma, bayin da aka aro daga Carolina ta Kudu sun taimaka wajen sare dajin da aka gina Savannah. Amma a shekarun baya Oglethorpe ya fito fili yana sukar bauta, ya kuma yi abota da Granville Sharp, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi da ita a Ingila.

Mazauna da dama ba su gamsu ba. Silikin bai kawo riba ba, ga zafi da zazzaɓi, ga masu gonakin shinkafa a ƙetaren kogi suna fantamawa. Suka yi ta aika ƙorafi Landan, wasu suka tattara suka koma Carolina. 'Yan Scotland da ke garin Darien ne suka rubuta takardar goyon bayan haramcin a 1739.

Yaƙi da komawa gida

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Sifaniya a 1739, Oglethorpe ya yi wa garin St. Augustine ƙawanya a 1740 bai yi nasara ba. A 1742 kuma ya kori dakarun Sifaniya daga tsibirin St. Simons bayan faɗan Bloody Marsh. Ya bar Jojiya a 1743, kuma bai sake taka ƙasar ba.

Da ya juya baya, dokokin suka fara zubewa. An halatta bauta daga 1 ga Janairun 1751, kuma a 1752 amintattun suka miƙa yankin ga sarki. Ƙidayar 1860 ta nuna akwai bayi fiye da 460,000 a Jojiya.

Oglethorpe ya auri Elizabeth Wright a 1744, ya zauna a Cranham da ke Essex. An gurfanar da shi gaban kotun soja kan zargin sakaci a lokacin tawayen 1745, aka wanke shi. Ya yi tsawon rai har ya ga Amurka ta samu 'yanci, ya kuma gana da jakadanta na farko a Ingila, John Adams, makonni kaɗan kafin ya mutu a 1785 yana da shekara 88.

Har yanzu tsakiyar Savannah na kan zanen da ya shimfiɗa, da dandali 22 a tsakanin unguwanni. Dokar hana bauta kuwa shekara 16 kacal ta yi.