Ali Farka Ture: Manomin Nyafunke Da Duniya Ta Sani Da Kiɗa

Mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga sun san cewa kogin Kwara yakan cika sau biyu a shekara. Cikar farko da damina take zuwa, da ruwa mai laka wanda saman ƙasashen nan kusa ya koro. Ta biyu kuwa sai kaka ta wuce, hunturu ya kama, sa'an nan ruwa ya iso tafkin Kainji garau, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Wannan ruwa na biyu daga duwatsun ƙasar Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, kafin ya gangaro ta Jamhuriyar Nijar ya shigo Nijeriya. A kan hanyarsa yakan bi ta gindin wani gari da ake kira Nyafunke, a jihar Tambutu. To, a wannan gari ne aka yi wani manomin shinkafa mai suna Ali Ibrahim Ture, wanda aka fi sani da Ali Farka Ture.

Turai da Amurka sun san mutumin nan a kan shi gwanin kaɗa jita ne wanda samun kamarsa sai an tona. Amma shi da kansa bai taɓa ɗaukar kiɗa a kan shi ne sana'arsa ta fari ba. Ya yi kanikanci, ya yi tuƙin mota da na jirgin ruwa, ya yi shekara goma yana aikin gwamnati, ya yi noma, daga ƙarshe ya riƙe mulkin garinsu. Hausawa sukan ce taura biyu ba ta taunuwa. Tarihinsa ya nuna cewa tana taunuwa, muddin mutum ya san wadda zai fara sa wa haƙori.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ali a shekarar 1939 a ƙauyen Kanau, a bakin kogi, zamanin da ƙasar Mali take hannun Faransawa. Shi ne ɗa na goma wurin mahaifiyarsa, kuma duk waɗanda suka riga shi zuwa duniya sun rasu tun suna ƙanana. Watau dai ɗan wabi ne. Kamar yadda a ƙasar Hausa akan laƙaba wa irin wannan yaro suna kamar Ajuji ko Ayashe, shi ma iyayensa sun laƙaba masa Farka, wanda a harshen Songhai yake nufin jaki, saboda juriya da taurin ran da suka gani a gare shi. Mahaifinsa ya rasu a aikin sojan Faransa tun Ali yana jariri, saboda haka iyalin suka yi ƙaura zuwa Nyafunke, inda ya tashi, inda kuma ya riƙa har ƙarshen ransa a kan nan ne gida.

Bai shiga makarantar boko ba. Gona ce makarantarsa ta farko, daga baya ya koyi gyaran mota da tuƙi. Kiɗa kuwa ba gadonsa ba ne, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasarsu. A Mali, kamar yadda yake a ƙasar Hausa, kiɗa da waƙa da roƙo sana'a ce ta waɗansu gidaje sanannu, irin su gidan Kuyate da na Jabate, waɗanda suke gadonta kaka da kakanni. Ɗan gidan da ba su gada ba in ya ɗauki abin kiɗa, sai a ga ya zubar da girman gidansu. Masu karatu sun san irin tirjiyar da Alhaji Mamman Shata ya sha daga wurin mahaifinsa a Musawa a kan wannan dalili, lokacin da yake tallan goro yana haɗawa da waƙa. Ali ma danginsa ba su so ba. Duk da haka, yana da shekara kamar 12 ya ƙera wa kansa wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan kuntigi, daga baya kuma ya ƙware a kan wani mai kama da kukuma wanda suke kira njarka.

A shekarar 1956 ya ga wasan Keita Fodeba, mutumin Gini wanda ya kafa shahararriyar ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasarsu, yana kaɗa jita. Tun daga ranar Ali ya ƙudura a ransa sai ya iya wannan abu. Ba shi da malami, ba shi kuma da kuɗin sayen tasa. Sai ya riƙa aron ta mutane, yana ɗauko salon da yatsunsa suka saba da shi a kan tsirkiya ɗaya yana shimfiɗa shi a kan tsirkiya shida. Shekara 12 ya yi a haka kafin ya mallaki jitar kansa.

Direba da rana, makaɗi da dare

Da Mali ta sami mulkin kai a 1960, gwamnatin Shugaba Modibo Keita ta sa aka kafa ƙungiyoyin kiɗa da wasanni a gundumomi, ana haɗa su gasa domin raya al'adun ƙasa. Ali ya shiga ƙungiyar gundumar Nyafunke, har ya zama ɗaya daga cikin shugabanninta. Amma abincinsa ba daga nan yake fitowa ba. Tuƙi yake yi, har da tuƙin jirgin ruwan da yake ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyukan bakin kogi zuwa asibiti. Wannan zirga-zirga ta haɗa shi da masunta da makiyaya da manoma da fatake, ya saurari kaɗe-kaɗensu, harsunansu kuma suka zauna a bakinsa. Shi ya sa daga baya aka ji shi yana waƙa da Songhai da Fulatanci da Buzanci da Bambaranci. Aikin da wani zai ga kamar yana cinye masa lokacin kiɗa, shi ne ya cika masa rumbun waƙa.

A 1968 aka zaɓe shi cikin waɗanda suka wakilci Mali a wani bikin ƙasa da ƙasa a birnin Sofiya na Balgeriya, a can ne kuma ya sayi jitarsa ta farko. Wajen wannan lokaci ne ya fara jin fayafayan baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗan da ake kira blues, musamman John Lee Hooker. Abin da kunnensa ya ji bai zame masa baƙo ba, domin ya tsinkayi sautin bakin kogin Kwara a ciki. Ra'ayinsa har ya bar duniya shi ne, tushen wannan kiɗa yana Afirka ta Yamma, bayin da aka kwashe ne suka ƙetara teku da shi.

A 1970 ya koma Bamako ya kama aiki a gidan rediyon ƙasa, a sashen masu kula da na'urorin ɗaukar murya. Aikinsa shi ne ya ɗauki kiɗan waɗansu, ya daidaita sauti, ya tabbatar shiri ya fita lafiya. Ma'aikacin gwamnati ne mai jiran albashin ƙarshen wata kamar kowa. Sai dai zaman nan ya koya masa yadda ake sarrafa na'ura, ya kuma ba shi damar ɗaukar nasa waƙoƙin, ana sa su a rediyo, jama'a suna tambayar wane ne wannan. Ya aika da waɗansu zuwa wani kamfani a birnin Faris, aka buga su a faifai tun daga tsakiyar shekarun 1970. Suna kam ya samu, amma abin da ya shigo aljihunsa bai taka kara ya karya ba.

Komawa gona

A 1980, yana da shekara 41, ya ajiye aikin rediyo ya koma Nyafunke ya duƙufa a kan noma. Wanda ya san halin da yankin Sahel ya shiga a farin 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, zai gane cewa ba wurin hutu ya koma ba. Ƙasa ce da hamada take cin gefenta, ruwan sama ba shi da tabbas, wanda duk yake son shinkafa sai ya jawo ruwa daga kogi.

Yana wannan hali ne fayafayansa na Faris suka faɗa hannun masu shirye-shiryen rediyo a Ingila. Wata ma'aikaciyar kamfanin World Circuit mai suna Anne Hunt ta zo Mali nemansa, har sai da aka yi cigiyarsa a gidan rediyon da ya yi wa aiki kafin a same shi. A 1987 ya yi wasa a Landan, daga nan ƙofa ta buɗe. Fayafayai suka biyo baya, ciki har da Talking Timbuktu wanda ya yi da Ba'amurken makaɗin nan Ry Cooder a 1994, wanda ya jawo masa lambar Grammy, watau babbar lambar yabo ta makaɗa a Amurka.

A nan ne halinsa ya fito fili. Da wani ne, da sai ya tattara ya koma Faris ko Landan, kamar yadda makaɗan Afirka da dama suka yi. Shi kuwa sai ya rage fita, ya riƙa ƙin amsa gayyata, kuɗin da ya samu ya zuba su cikin injinan ban ruwa da faɗaɗa gonaki. Da kamfanin ya matsa yana son sabon faifai, sai ya zamana dole su ne za su zo. Suka kwaso na'urorinsu zuwa Nyafunke, suka kafa su a wani tsohon gini da ba a amfani da shi, suna jira sai ya taso daga gona a ɗauki waƙa. Faifan ya fito a 1999 da sunan garin, waƙoƙinsa kuma sun fi karkata ga aiki da ilmi da zaman lafiya da kishin ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, da yake ba da kiɗa yake ci ba, bai zama maroƙin kowa ba. Makaɗin da tukunyarsa take jiran kyautar ubangida, dole harshensa ya bi inda kyautar take. Wanda rumbunsa yake cike kuwa yana da ikon ya zaɓi abin da zai faɗa, da ranar da zai faɗa, da ranar da zai yi shiru. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda makaɗa da yawa manoma ne da damina, inda kuma irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma suka fara kafin su shiga fada. Almajirin Ali na kusa, Afel Bokum, shi ma malamin gona ne mai ɗaukar albashi, yana aikinsa yana bin maigidansa wurin wasa.

Ba za a ce tsarin nan bai ci masa kome ba. Shekarun da hannunsa ya fi zaƙi, yawancinsu a gona suka ƙare, masu son ganinsa a ƙasashe da yawa ba su sami gani ba. Haka kuma tsoron wahalar da ke cikin sana'ar kiɗa ya sa ya so ɗansa Vieux ya shiga soja, ya daɗe bai yarda yaron ya bi sawunsa ba. Sai daga baya ya sa masa albarka, har ya kaɗa jita a faifansa na farko.

Magajin gari

A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Nyafunke. Maimakon kujerar ta ƙara masa dukiya, tasa ce ta tafi: da kuɗinsa aka gyara hanyoyi, aka haƙa magudanun ruwa, aka riƙa sayen man injin da yake ba garin wutar lantarki. Cikin wannan shekara ce kuma ya zauna a Bamako da Tumani Jabate, gwanin kaɗa kora mai tsirkiya 21, wanda shi gadon kiɗa ya yi. Wanda ya gada da wanda bai gada ba suka haɗu suka yi faifan In the Heart of the Moon, ya fito a 2005, ya kawo wa Ali lambar Grammy ta biyu a watan Fabrairu na 2006. A lokacin ciwon dajin ƙashi ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Bamako a farkon watan Maris na 2006, yana da shekara 66, aka kai shi Nyafunke aka rufe. Faifansa na Savane ya fito bayan rasuwarsa, wani kuma da suka yi da Tumani ya sami lambar Grammy a 2011.

A ofisoshinmu da makarantunmu akwai akawu mai kaɗa gurmi a ɓoye, akwai malamin makaranta mai tsara waƙa yana jin kunyar a sani, akwai ɗalibin da yake ganin sai ya watsar da karatu kafin baiwarsa ta fito. Na farko da na biyu suna tsoron a kira su maroƙa, na uku kuwa yana gaggawar a san shi. Ali Farka Ture bai ɓoye baiwarsa ba, bai kuma sayar da garmarsa domin ta ba. Ya ba aikin ofis haƙƙinsa shekara goma, ya ba gona nata, kuma sai da ya kai shekara 48 kafin ya tsaya gaban 'yan kallo a Landan. Mutanen Nyafunke sun ci shinkafarsa, sun ga hasken lantarkinsa, sauran duniya kuma ta sami rabonta a faifai. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.