Gunpei Yokoi: Injiniyan Japan da ya yi magani da tsohuwar zuma

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu sayar da kayan gem na hannu, a Gumel ne ko Maigatari ko kasuwannin Kano inda ake saro kayan, ya san abin da mai saye ke fara tambaya kafin ya taya: ko sabuwar na'urar za ta ci tsofaffin faya-fayan da ya tara a gida.

Tambayar ta kuɗi ce. Matashin da ya ɗauki shekara biyu yana sayen faifai ɗaya bayan ɗaya, ko mai gidan gem da jarinsa ke kwance a cikin waɗannan faya-fayai, ya san cewa ranar da sabuwar na'ura ta ƙi karɓar su, ranar suka zama tarkace.

Karɓar tsohon wasa ba abu ne da na'ura ke yi da kanta ba. Shawara ce da kamfani ke yankewa, kuma tana cin kuɗi. Cikin na'urorin da suka fara nuna wa duniya cewa akwai riba a wannan shawara har da dangin Game Boy na kamfanin Nintendo, inda kaset ɗin da aka saya a 1989 ya ci gaba da aiki a cikin na'urar da ta fito a 2003.

Mutumin da ya aza harsashin wannan gida bai rayu ya ga hakan ba. Sunansa Gunpei Yokoi.

Daga gyaran injin karta

An haifi Yokoi a ranar 10 ga Satumban 1941 a birnin Kyoto na ƙasar Japan. Ya karanci fannin lantarki a Jami'ar Doshisha da ke birnin, kuma a 1965 ya samu aiki a Nintendo.

A lokacin Nintendo ba kamfanin gem ba ne. Tun kafa shi a 1889 sana'arsa buga karta ce, musamman wata kartar gargajiya ta Japan mai zanen furanni da ake kira hanafuda. Aikin da aka ba Yokoi shi ne kula da injunan buga kartar, ya gyara su in sun tsaya.

Aikin bai cika masa wuni ba, sai ya riƙa ƙere-ƙere a lokacin da ya rage. Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannu na wasa da ya haɗa, wanda ke miƙewa ya cafko abu daga nesa in an matse gindinsa. Maimakon faɗa, sai Yamauchi ya umarce shi da ya mayar da abin haja.

Haka aka samu Ultra Hand, wanda aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Mai gyaran inji ya koma mai ƙirƙira. Bayan wannan ya fito da injin jefa ƙwallo na yara, da wata 'yar na'urar raha mai suna Love Tester a 1969, sannan bindigogin wasa masu aiki da haske, waɗanda ya yi tare da Masayuki Uemura, injiniyan da ya baro kamfanin Sharp ya dawo Nintendo.

Kalkuleta a cikin jirgin ƙasa

Labarin da ya fi shahara game da shi ya faru ne a cikin jirgin ƙasa mai sauri na Japan, a ƙarshen shekarun 1970. Yokoi ya lura da wani fasinja da zama ya gundura, yana ta danne-dannen kalkuletarsa don rage lokaci. Nan ya gane cewa akwai manya da ke son abin wasa da zai shige aljihu.

A wannan lokaci kamfanonin kalkuleta sun gama gasar karya farashi, fuskar kalkuleta da ƙwaƙwalwarta sun yi araha. Da waɗannan kaya Yokoi ya gina Game & Watch, wadda ta fito a 1980: wasa ɗaya tal a kowace na'ura, haɗe da agogo. An sayar da fiye da miliyan 43.

A kan wadda ta fito a 1982 mai ɗauke da wasan Donkey Kong ne aka sa madannin nan mai siffar alamar tarawa, na sama da ƙasa da hagu da dama. Har yau da wuya a ɗauki abin sarrafa gem ba a ga jikan wannan madanni a ƙarƙashin babban yatsan hagu ba.

Yokoi ne kuma ya kula da aikin wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, lokacin da yake haɗa Donkey Kong na asali a 1981, wasan da Mario ya fara bayyana a cikinsa. Sashen da Yokoi ke jagoranta ne ya fitar da Metroid da Kid Icarus a 1986.

Aƙidar tsohuwar fasaha

Abin da ya haɗa dukan waɗannan ayyuka aƙida ce guda, wadda aka fi tunawa da shi a kanta. A ganinsa, bai kamata mai ƙira ya bi sabuwar fasaha mai tsada da ba a gama sanin halinta ba. Gara ya ɗauki wadda ta kwana biyu, farashinta ya faɗi, an san duk cututtukanta, ya nemo mata wani amfani da ba wanda ya yi tunaninsa. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan: da tsohuwar zuma ake magani.

Babban gwajin aƙidar ya zo ne a ranar 21 ga Afrilun 1989, shekara ɗari da kafa Nintendo, lokacin da Game Boy ta fito a Japan. Sashen Yokoi ne ya ƙera ta, inda mataimakinsa Satoru Okada ya taka babbar rawa wajen tsara kayan cikinta. Bambancinta da Game & Watch shi ne ana zare kaset a sa wani, don haka na'ura ɗaya za ta iya ɗaukar wasanni ba iyaka.

A ido, Game Boy ba ta da abin burgewa. Fuskarta ba launi, inuwa huɗu ce kawai a kan kore-kore, kuma ba ta da fitila, sai an nemi haske. A shekarar ne kamfanin Atari ya fito da Lynx mai launi, Sega kuma ta biyo da Game Gear a 1990, ita ma mai launi da fitila.

Amma launi yana da farashi. A Amurka an sayar da Game Boy kusan dala 90, Game Gear kusan 150, Lynx kuwa kusan 180. Game Gear na shanye batir shida cikin awa uku zuwa biyar, alhali batir huɗu na kai Game Boy fiye da awa goma. Wanda ke zaune inda wuta ke zuwa tana tafiya, kamar ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wacce ta fi.

Ga kuma ƙarko. Wata Game Boy da ta ƙone a yaƙin Tekun Fasha na 1991, robarta ta narke ta yi baƙi, ta ci gaba da aiki, har aka ajiye ta shekara da shekaru a shagon Nintendo na birnin New York ana kallo.

Da aka haɗa ta da wasan Tetris a kasuwar Amurka, manya da yara suka rungume ta. Sannan a Fabrairun 1996, lokacin da ake ganin ta tsufa, sai Pokémon ya fito a kanta, ya dogara da kebur ɗin da ke haɗa na'ura biyu don yara su yi musayar halittun wasan. Na'ura mai shekara bakwai ta sake zama abin rububi.

Tuntuɓe da rabuwa

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1995 Nintendo ta fitar da Virtual Boy, wata na'ura da ake leƙawa kamar tabarau, mai nuna hoto mai zurfi da launin ja da baƙi kawai. Masu wasa sun koka da ciwon kai da gajiyar ido, wasanninta ba su da yawa, kuma abin da aka sayar bai kai miliyan ɗaya ba. Ba ta yi shekara cikakkiya a kasuwa ba.

Yokoi bai tafi nan take ba. Ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, ƙarama mai cin batir biyu, wadda ta fito a 1996 kuma take karɓar duk kaset ɗin babbar. A watan Agustan shekarar ya bar Nintendo bayan shekara 31. Mutane da yawa sun danganta tafiyarsa da faɗuwar Virtual Boy, amma shi da kamfanin duk sun musanta hakan.

Ya kafa nasa kamfani mai suna Koto, ya fara aiki da kamfanin Bandai a kan wata sabuwar na'urar hannu, ita ma mara launi, mai aiki da batir ɗaya.

A ranar 4 ga Oktoban 1997, motar da yake ciki ta bugi bayan wata babbar mota a kan babbar hanyar Hokuriku, a lardin Ishikawa. Ya fito don duba ɓarnar, sai wata motar da ke wucewa ta buge shi. Ya rasu yana da shekara 56.

Na'urar da yake aiki a kanta ta fito a 1999 da sunan WonderSwan, aka kuma raɗa wa ɗaya daga cikin wasanninta na farko suna Gunpey don tunawa da shi.

Tsohuwar ƙwaƙwalwa a sabon jiki

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a Oktoban 1998, Nintendo ta fitar da Game Boy Color. Launin da Yokoi ya ƙi saka wa ta farko ya iso, domin yanzu ya yi araha kuma ya daina shanye batir. Sai dai injiniyoyin ba su rushe ginin ba. Ƙwaƙwalwar sabuwar 'yar gida ɗaya ce da tsohuwar, an dai ninka mata sauri. Saboda haka tsohon kaset na shiga ya yi aiki, har na'urar ta shafa masa ɗan launi. Idan aka haɗa Game Boy da Game Boy Color, an sayar da fiye da miliyan 118.

Game Boy Advance ta 2001 ce ta fi nuna yadda abin yake. Ƙwaƙwalwarta sabuwa ce fil, ba ta jin yaren tsofaffin wasanni. Sai aka dasa tsohuwar ƙwaƙwalwar a gefenta. A bakin ramin kaset akwai wani ɗan makunni da siffar tsohon kaset kaɗai ke dannawa. Da ya dannu, sai na'urar ta sauya ƙarfin wutar da take ba kaset ɗin, ta tashi tsohuwar ƙwaƙwalwa, ta koma Game Boy.

A nan ne aƙidar Yokoi ta biya bayan ransa. Da ya gina Game Boy da kaya masu tsada da sarƙaƙiya, ɗaukar ta a cikin wata na'urar zai yi nauyi. Amma da yake ƙwaƙwalwar mai sauƙi ce kuma mai araha, saka ta bai kai asarar fusata mutum miliyoyi masu kaset a gida ba. Sabuwar na'ura kuma ta shiga kasuwa da ɗaruruwan wasanni tun ranar farko.

Sony ma hanyar da ta bi ke nan. PlayStation 2 ta 2000, wadda ta daɗe tana riƙe da gidajen gem a Arewa, tana cin faifan PlayStation ta farko ne saboda an saka mata ƙwaƙwalwar tsohuwar, aka kuma ba ta wani aikin na daban a cikin sabuwar.

Alƙawarin da ba ya ɗorewa

Sai dai kamfani na riƙe tsohon wasa ne muddin lissafi ya ba da. Game Boy Micro ta 2005 ta daina karɓar kaset ɗin Game Boy na asali. Nintendo DS ta 2004 ta zo da ramin kaset ɗin Advance kaɗai, sannan DSi ta 2008 ta toshe ramin baki ɗaya. PlayStation 3 ta farko, ta 2006, tana cin faifan PlayStation 2, amma daga baya Sony ta cire kayan da ke yin wannan aiki don rage farashi. Shi ya sa a kasuwar kayan hannu za a ga PlayStation 3 biyu a jere, ɗaya ta ci tsohon faifai ɗaya ta ƙi, kuma mai saye da bai duba samfurin ba shi ne zai kwana a ciki.

Yau an fi amfani da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. Da ita Microsoft ta sa Xbox One ta fara karɓar wasannin Xbox 360 a 2015. PlayStation 5 na cin mafi yawan wasannin PlayStation 4, haka Switch 2 ta 2025 na karɓar mafi yawan na Switch. Wasannin Game Boy kansu sun dawo kan Switch a 2023, amma ta hanyar biyan kuɗin rajista a intanet, kuma zaɓaɓɓu ne kawai. Kaset ɗin da ke cikin akwati ba shi da ramin shiga.

Abin da ake asara ba kaɗan ba ne. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a iya sayen su sababbi a yanzu. Littafi na jiran mai karatu ko bayan shekara ɗari, amma wasa na mutuwa tare da na'urarsa in ba a yi masa ƙofa a sabuwa ba.

A 2003 masu haɗa wasannin bidiyo suka karrama Yokoi da lambar yabo ta aikin rayuwa a babban taronsu na shekara-shekara a Amurka, shekara shida bayan rasuwarsa. A wannan shekarar ce Game Boy Advance SP ta fito, mai naɗewa, mai fitila da batirin caji. A ƙasanta akwai rami, kuma kaset ɗin 1989 na shiga cikinsa ya yi aiki.