Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

A darasin tarihi muna koyar da yadda Martin Luther ya ta da gyaran ikkilisiya a Jamus a shekarar 1517, da yadda gyaran ya taɓa aikin masu zane da mawaƙa. A birnin Zurich an kwashe siffofi daga majami'u a 1524. A Holan jama'a sun farfasa su a 1566, har masu zane da yawa suka koma zanen fuskokin mutane da gonaki da jiragen ruwa. Shi kuwa Luther ya riƙe waƙa, ya rubuta waƙoƙin sujada da Jamusanci domin manomi da matarsa su rera da bakinsu. Ɗalibai sukan ɗauka irin wannan abu a Turai kaɗai ya faru. To, a nan ƙasarmu ma ya faru, shi ya sa bana muka zaɓi mu ba ku tarihin mace ɗaya wadda ta yi babban aiki a cikinsa.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel wajen shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu ne ita da Hassan, amma Shehu bai sa mata Usaina ba kamar yadda aka saba, sai ya sa mata sunan Asma'u 'yar Abubakar, sahabin Annabi Muhammadu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan gidan suka rene ta. Gidan kuwa gidan karatu ne, maza da mata, gama Shehu ya sha tsawata wa malaman da suke koyar da baƙi suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Tana da shekara goma sha ɗaya sa'ad da rikici ya tsananta tsakanin jama'ar Shehu da Yunfa, Sarkin Gobir. A watan Fabrairu na 1804 suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Yuni kuma aka gwabza a Tabkin Kwatto. Daga nan sai yawo da yunwa da ciwo, har suka sauka a Gwandu a 1805. Yarinyar ta ga gawawwaki, ta ga zawarawa da marayu, abin da ta gani kuwa ya fito a rubutunta daga baya. A 1807 aka aurar da ita ga Gidado ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka kuma gina Sakkwato a 1809. Wani yayanta, Muhammadu Buhari, shi ne ya zauna a Tambuwal, shi ma sananne ne wajen tsara waƙa. Wato labarin nan ba na nesa ba ne gare mu mutanen Sanyinna da Tambuwal da Kebbe.

Kafin jihadi, yawancin waƙa a ƙasar Hausa ta baka ce. Akwai makaɗan fada masu yabon sarakuna, akwai na maharba da manoma da maƙera, akwai kuma masu goge da garaya waɗanda suke kiɗan bori. Shugabannin jihadi sun soki bori da roƙo da raye-rayen da suke cakuɗa maza da mata, ko da yake sun yarda da ganga domin yaƙi da kiran taro. Amma sun gane cewa wanda ba ya karatu da kunne yake koyo. Saboda haka suka ɗauki ma'aunin waƙar Larabci da amsa-amonta, suka zuba Fulatanci da Hausa a ciki, suka rubuta da ajami. Ana rera irin wannan waƙa da murya kaɗai, ba kiɗa. Da haka rubutacciyar waƙar Hausa ta yi ƙarfi, daga wannan tushe ne kuma mawaƙa irin su Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur suka taso a ƙarni na ashirin.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Asma'u ta shiga aikin tattara rubuce-rubucensa, ta kuma soma nata. Littafinta na farko da Larabci ya fito wajen 1820. Takan zaɓi harshe bisa ga wanda take so ya ji: Larabci domin malamai, Fulatanci domin danginta, Hausa domin yawancin jama'a. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin gajeriyar waƙa mai sauƙin haddacewa, ta kuma yi ta da harsunan nan uku. Ta juya waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga masu mulki da alƙalai da talakawa duka. A 1839 ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙe da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mai da shi Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Ta yi waƙoƙin makoki ga Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, da ga mijinta Gidado. Abin lura shi ne, ta yi wa maƙwabciyarta Halima irin wannan waƙa, ba don sarauta ko dukiya ba, sai don haƙurinta da kirkinta.

Babban aikinta shi ne na 'yan taru. Yaƙi ya kawo mata da yawa cikin daular, wasu kamammu ne, wasu kuwa 'yan ƙauye da ba su san kome ba sai bori. Asma'u ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfa kuwa a dā Innar Gobir, shugabar bori, ita take sa ta. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani, ta ba ta sabuwar ma'ana. Jaji takan kawo tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa Sakkwato, su haddace waƙoƙi a gabanta, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Ta wurin waƙa suka koyi salla da tsarki da tarihi, da kula da marasa lafiya da marayu.

Gaskiya ta wajaba mu faɗi ɗaya gefen. Sauyin nan ya zo da takobi, an ƙone garuruwa, an bautar da mutane da yawa, makaɗan gargajiya da dama kuma sun rasa matsayinsu, kamar yadda masu sassaƙa siffofi suka rasa aiki a Turai. Kiɗan fada da na bori kuwa ba su mutu ba, sun ci gaba gefe da gefe da waƙar malamai.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'yan taru. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta, ya adana takardunta, ya kuma buɗe su ga Jean Boyd, wadda ta rubuta tarihinta a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta, kimanin sittin, cikin littafi ɗaya.

Mu da muke jin mata suna rera waƙoƙin zumunta da Hausa kowace Lahadi mun san yadda waƙa take shiga zuciyar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ko da yake bangaskiyarmu dabam take da tata, ya kamata mu girmama ƙwazonta, mu kuma san tarihin maƙwabtanmu domin zaman lafiya. Ku 'yan matanmu, idan aka ce muku karatun mace ɓata lokaci ne, ku tuna da matar da ta yi rubutu da harsuna uku a ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. Ku iyaye kuma, muna roƙonku ku bar su su gama makaranta. Allah ya ba mu ikon yin amfani da baiwar da ya ba kowannenmu. Amin.