Alhaji Abubakar Imam, Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

Da hutun da ya wuce na je Rabah gai da kakana, sai na tarar da wata tsohuwar jarida cikin akwatinsa, ta yi ja don tsufa. Ya gaya mini cewa suna yara, in ta iso daga Sakkwato, wani malamin elementare ke karanta wa dattawa ita a gindin bishiya, sa'an nan a ba fatake su kai wa na Wurno da Goronyo. Sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Editanta na farko a cikin Hausawa kuwa shi ne Alhaji Abubakar Imam, wanda mu 'yan makaranta muka fi sani da Magana Jari Ce.

An haife shi a Kagara cikin 1911. Ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1927, inda ya tarar da Ahmadu Bello, ɗan garinmu Rabah, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato daga baya. Da ya gama cikin 1932 sai ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Cikin 1933 wani Bature mai suna Rupert East ya sa gasar rubuta littattafan Hausa, Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Tun daga nan East ya gane ya sami gwani, ya jawo shi Zariya.

Cikin Janairu 1939 aka fara buga jaridar a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. To, a nan wuyar aikin take. Jaridar ta Gwamnatin Turawa ce, kuma sun kafa ta ne don su kashe jita-jita, musamman da yake yaƙi da Jamus ya gabato. Ga sarakuna da 'yan En'e, ba su son a taɓa su. Ga kuma talakawa da matasa masu ilmin boko suna aiko da wasiƙun koke-koke. Imam ya zauna tsakanin waɗannan uku har shekara goma sha biyu. Dabararsa ita ce ya faɗi magana mai ɗaci cikin ladabi da karin magana, yadda wanda aka yi dominsa zai gane amma ba zai sami abin kamawa ba. Har wata 'yar takarda ake haɗawa da ajami, ana kiranta 'Yar Gaskiya, saboda waɗanda ba su iya boko ba.

Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. Da na fara jin wannan raina ya ɓaci, na ɗauka tsoro ne. Amma a tafiyar nan ce ya sadu da Lugga, watau Baturen da rundunarsa ta ci Sakkwato cikin 1903, ya bayyana masa aibobin mulkin En'e da yadda ake ƙin jin shawarar matasa masu ilmi. Matsoraci ba ya yin haka. Ni a ganina ƙarancin makarantu a Arewa ne ya dame shi, ko da yake har yanzu muna gardamar wannan da abokaina a ɗakin kwana. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ya bar kujerar edita cikin 1951, ya shiga majalisa, daga baya ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu ran 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara saba'in. Allah ya jiƙansa, amin. Jaridar kuwa kakana ya hana ni tahowa da ita makaranta, ya mayar da ita akwati ya kulle.